Kimiyya a Sauƙaƙe: Yadda haske ke tona asirin maganaɗisu

Duk wanda ya yi darasin maganaɗisu ya san dabarar nan ta barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, a sa mayen ƙarfe a ƙarƙashi, layuka su fito. Dabara ce mai kyau, amma ba ta faɗa maka yawan ƙarfin da ke wurin, kuma ga abu ƙanƙani kamar baƙin layin bayan katin ATM, garin ƙarfe ya yi gautsi da yawa.

Mafita ta samo asali ne a Landan a 1845, wajen Michael Faraday. Haske yana tafiya yana kaɗawa kamar igiyar da aka girgiza, ta kowace fuska. Akwai matacin da ke barin mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Faraday ya tura irin wannan tataccen haske ta cikin gilashi mai dalma, a tsakanin bakunan maganaɗisun lantarki, sai ya ga fuskar kaɗawar ta murɗe. Gwargwadon ƙarfin maganaɗisun, gwargwadon murɗewar. Ka ga ma'auni ya samu ke nan.

A yau masana na amfani da wani ɗan falle na sinadarin ganet mai ƙarfe, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, da madubi a bayansa. A ɗora shi kan abin da za a auna, a haska shi, hasken ya dawo ta mataci na biyu da aka gitta wa na farko. Inda babu maganaɗisu sai duhu, inda yake da ƙarfi sai wurin ya haskaka. Kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta mayar da hasken lambobi a ma'aunin tesla.

Ba wasan ɗakin gwaji ba ne kawai. Da wannan hanya ake gano tsagewa a jikin jirgin sama, kusa da ƙusoshinsa, ko da fenti ya rufe ta. Masu binciken laifi kuma kan farfaɗo da lambar mota ko ta bindiga da ɓarayi suka goge, domin ƙarfen da aka buga wa lamba ya riga ya canza daga ciki.

Aikin wannan mako: ari tabarau mai tace ƙyallin rana, ka kalli allon kwamfuta ta cikinsa, kana juya shi a hankali. A yawancin alluna za ka iso inda hoton zai dushe ya yi baƙi. Rubuto mana abin da ka gani.