Wa ya shigo da kayan aro? Darasin matan Koriya ga masu kare «al'ada»

A Ɗan Isa, kamar a sauran garuruwan da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, akwai magana guda da ke kashe duk wata muhawara a kan haƙƙin mata: «Wannan aƙidar Nasara ce.» Da zarar an furta ta sai a naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa. Da ita aka binne daftarin dokar iyali a shekarun 1990, da ita kuma majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo a 2006. Magana ce mai arha, ba ta buƙatar karatu ko hujja.

To, ga labarin wata ƙasa wadda ba ta Nasara ba. A Koriya ta Kudu an daɗe ana aiki da tsarin da ake kira hoju: kowane gida yana da rajista, kowace rajista tana da shugaba, namiji ne kuma ke gaba wajen gadon shugabancin. Idan maigida ya rasu, ɗansa ne ke hawa, ko da goye yake a bayan uwarsa. Uwar da ta haife shi sai a rubuta ta ƙarƙashinsa. Lee Tai-young, mace ta farko da ta zama lauya a ƙasar, ta buɗe cibiyar taimakon mata a harkar shari'a a 1956, ta yi ta fama da dokar iyali har rasuwarta a 1998. Dattawan da ke bin koyarwar Kwanfishiyas sun tare hanya, suna cewa ana so a rusa gadon kakanni.

Matan Koriya ba su tsaya jayayya a kan darajar kakanni ba. Sun buɗe kundin tarihi, suka nuna cewa hoju, a siffar da ya shiga doka, mulkin mallakar Japan ne (1910 zuwa 1945) ya dasa shi. Ashe mai gadin al'ada kayan baƙo yake gadi! A 2005 kotun tsarin mulki ta ce tsarin ya saɓa wa kundin ƙasa, daga farkon 2008 kuma aka daina aiki da shi.

Tambayar da suka yi ita ce ba a son ji a Nijar. Ayar dokar da ta naɗa miji shugaban iyali a takardun hukuma, daga ina ta fito? Daga kundin dokokin farar hula na Faransa, gadon Napoliyon. Shekara 15 da aka yanka wa ɗiya mace domin aure, 18 ga namiji, daga can aka kwafo su. Ba a taɓa jin masu kururuwar kare al'ada sun yi zanga-zanga a kan wannan aro ba.

Abin ya fi ciwo a gona. A kudancin Maraɗi mace ta saba samun gamana, ƴar gonarta da take nomawa bayan aikin gandu. Da jama'a ta yawaita, ƙasa ta yi kaɗan, sai gamana ta fara ɓacewa. Binciken Marthe Diarra Doka da Marie Monimart na 2004 ya bayyana yadda ake janye mata daga noma, har aka sami abin da ake kira kublin gona: a hana mace zuwa gona da sunan mutunci, alhali gonar ce babu. Idan kuma uba ya mutu, sau nawa ƴan'uwa maza ke cewa ƙasa ba ta rabuwa, su sallami ƙanwarsu da damin gero? Suratun Nisa'i ta yanka wa mace rabonta a fili. A nan ba a cewa Nasara. Shiru ake yi, domin mai hanawa shi ne mai ci.

Ƙungiyoyin da ke shirya tarurruka a otel-otel na Yamai, da takardun da aka fassaro cikin gaggawa, su ma sun sauƙaƙa wa masu zargi aiki. Amma matan da suka fito titunan Yamai ranar 13 ga Mayu 1991, suna neman kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ba jirgi ne ya sauke su ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta kafa ƴan taru don karantar da mata a ƙauyuka, ta rasu tun kafin Faransa ta taka ƙasar Maraɗi.

Malaman koleji da ƙungiyoyin raya al'adu na gundumar Madarumfa suna da aikin da ba ya jiran majalisa: su ɗauki hukuncin da ake zartarwa a kan mata ɗaya bayan ɗaya, aure, saki, riƙon ƴaƴa, gadon gona, su tambayi alƙalai da limamai da tsofaffin mata asalin kowanne, su rubuta amsar da Hausa, a karanta ta a aji.