Kafin a ce maka a sauke inji

Jama'a, Fijo 504 ɗina ta kusa cinye mini albashi. Daga Samaru zuwa Kwangila, in na taka totur sai ta shaƙe, can kuma ta zabura. Wani bakanike a Sabon Gari ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce a sauke inji. Haba! Wannan ai ci da gumin talaka ne. Wani dattijo ya ciro filtar mai, duk tsatsa da ruwa. Ya canza ta, ya wanke kafireta, shi ke nan fa.

Ni ma da nawa laifin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 tankina kullum a ƙasa yake, sai ɗan galan wajen 'yan bumburutu. Masu tsofaffin Golf, ku ma haka take muku?