Bado Na Ɓacewa, Muna Kallo

Jama'a, a daina ce mana wai bado ba ya cikin haɗari don kawai sunansa bai shiga jerin tsirrai masu ƙarewa a duniya ba. Ku je fadamar Haɗeja zuwa Nguru ku gani! Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliya ta daina zuwa ta janye kan lokacinta, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tana cinye wurin bado. Furen nan da ake rainawa, 'ya'yansa da saiwarsa kakanninmu suka ci a shekarun yunwa. Hukumomi, taron bita ya isa haka. A yashe magudanai, a riƙa sakin ruwa bisa tsarin damina.