Ƙaguwar murjani da ƙaguwar fadamarmu

Damina ta zauna, kuma idan kina zaune a Makarfi ko Kudan ko Ikara, kin san lokaci ya yi da yara za su riƙa dawowa daga fadamar rake da ƙaguwa a cikin gwangwani. Kafin ki ce a fitar miki da ita daga gida, bari in ba ki labarin wata 'yar'uwarta da ke can cikin teku.

Ki fara da murjani. Asalin wanda ake yi wa amare ado da shi daga teku ake ciro shi, kodayake yawancin na kasuwa yanzu roba ne da gilashi. Wasu ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi. Wani nau'insu yana tara farar ƙasa a hankali har ta zama duwatsu masu rassa a ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan duwatsu suna nan jere a Bahar Maliya, daf da Jidda inda alhazanmu ke sauka, na gaɓar Ostareliya kuwa tsawonsu ya kai kilomita 2,300.

A cikin rassan nan akwai wata ƙaguwa da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Macen tana ƙarama take samun wuri ta lafe. Murjanin ya ci gaba da girma yana kewaye ta, har ya rufe ta ruf, sai 'yan ƙofofin da ruwa ke shiga. Daga nan ba ta sake fita har ta mutu. Majinar da murjanin ke fitarwa ita ce abincinta. Kakanninta masu yawo ne kamar sauran ƙaguwa, amma bisa ikon Allah, tsawon zamani a cikin kulle ya sauya halittarta: ɓawonta ya yi laushi, cikinta ya buɗe ya zama jakar ajiye ƙwai. Masana sun ƙirga nau'i kusan 50, kuma da yawansu ba sa zama sai a irin murjanin da suka saba da shi.

To, wadda ba ta fita daga ɗaki, yaya aka yi zuriyarta ta bazu daga Bahar Maliya har tsibiran Hawai da Karibiyan? 'Ya'yan ne ke tafiyar. Da sun ƙyanƙyashe, ƙanana da ƙyar ido ke ganinsu, sai su fice ta ƙofofin nan, igiyar ruwa ta kwashe su. Yawancinsu kifi ke cinyewa. Wanda ya tsira ya dace da murjani, nan ya zama garinsu.

Tamu ta fadama ba haka take yi ba, kuma ni dai ta fi burge ni. Ƙwanta kaɗan ne amma manya, tana riƙe su a ƙarƙashin cikinta, su ƙyanƙyashe da cikakkiyar siffar ƙaguwa, ta ci gaba da goyonsu na ɗan lokaci kafin ta sake su. Ki sa yaro ya juya wadda ya kamo: idan murfin cikinta faffaɗa ne, mace ce, wataƙila ma ku ga 'ya'yan suna motsi a ciki.

Wannan goyo yana da tsada. Tunda ruwa ba ya raba mata 'ya'ya zuwa nesa, zuriyarta tana ɗaure da rafin da aka haife ta. Idan aka wanke tankin feshin tumatir a rafin, ko aka zuba guba don kama kifi, ƙaguwar wurin ta ƙare, ba lallai wata ta zo ta maye gurbinta da wuri ba. A shekarar 2009 an tantance nau'in ƙaguwar ruwan daɗi sama da 1,200 a duniya, aka samu kusan ɗaya cikin shida na fuskantar ɓacewa. Ruwan da ya kashe ƙaguwa kuma shi ne yaranki ke wanka a ciki. Wannan magana ce da ya kamata ki yi da maigida idan yana noman rani.

Sai batun gashi. Yara kan ɗora ta a wuta, bayanta ya yi ja, su ce ta nuna. Ƙaguwar ruwan daɗi da ba ta dahu ba tana iya ɗauke da wata tsutsa da ke zama a huhun mutum, ta sa tari mai jini kamar tarin fuka. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, likitoci a Enugu sun ga masu wannan ciwo da yawa, saboda yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba dahuwar kirki. In za a ci, a tafasa ta sosai har cikinta ya dahu. Ki kuma hana su zura hannu cikin raminta, domin maciji ma yana fakewa a irin ramukan. Yaron da ya yi mako biyu yana tari, ki kai shi asibiti a gwada majinarsa, kuma ki gaya wa likita idan ya saba cin ƙaguwa.