Fulogi Uku da Ake Mantawa da Su a Bayan Inji

Ɗan'uwa manomi, idan kana noman rani a fadamun Gwagwalada, Kwali ko Abaji, babu shakka ka san fulogin injin ban ruwa. Guda ɗaya ne, yana fili, kuma da sifana mai lamba 21 kana iya cire shi a bakin rijiya. Matsalar tana ga motar da ke kai tumatir da attarugu kasuwar Dei-Dei ko Zuba. Manoma da ƙungiyoyinsu da dama sun koma ga motoci masu silinda shida, irin su Toyota Sienna, saboda suna ɗaukar kwanduna da yawa. Injin wannan mota a gicciye yake zaune. Fulogi uku suna gaba, ido na ganinsu. Sauran ukun suna baya, ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska.

Abin da ya zama al'ada shi ne a canza na gaba, a ƙyale na baya saboda wahalar kai hannu. A ganina wannan asarar kuɗi ce. Tsohon fulogi ba ya ƙone mai sosai, sai inji ya riƙa karkarwa, ƙarfinsa ya ragu a kan hawa, man da bai ƙone ba ya fice ta salansa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta tafi haka daga ribar gonarka aka zare ta. Tumatir kuwa ba ya jiran mota ta kwana a hanya. Don haka, ko dai a canza shidan gaba ɗaya, ko a jira har kuɗinsu su cika.

Shin kana iya yin aikin a gida? Na gaba dai kana iyawa. Ka bari inji ya huce sarai, domin kansa na alminiyom ne, kuma haƙoran ramin fulogi suna saurin lalacewa idan da zafi. Ka cire kan batir. Kafin ka kwance fulogi, ka hure ƙurar da ta taru a ramin, musamman lokacin hunturu, don kada ta faɗa cikin silinda. Sifana mai zurfi lamba 16 da doguwar mariƙa ake buƙata. Wajen ɗaura sabo, kada ka fara da sifana. Ka cusa kan fulogin a guntun tiyo na roba, ka zura, ka murza da yatsu. Idan ya hau a karkace, tiyon zai zame kafin ya yi ɓarna. Sai ya zauna sannan ka ƙara kamar rabin juyi da sifana. Ƙarfin noma ba shi da amfani a nan.

Na baya su ne ke son haƙuri, domin galibi sai an ɗage manifol. Wanda zai yi wannan ya ware yini guda, ya ɗauki hoton kowace waya da tiyo da wayarsa kafin ya taɓa su, ya toshe ramukan iska da tsumma mai tsabta, ya kuma tanadi sabon gasket. Noti ɗaya da ya faɗa ciki yana iya kashe injin. Idan ba ka da waɗannan kaya, kai wa makanike ba gazawa ba ce. Sai dai ka tsaya a kan aikin, ka kuma karɓi tsofaffin fulogi shida a hannunka, ka ƙirga.

Tun da kai hannu wurin ba abin yau da gobe ba ne, ka sa fulogin iridiyom na ainihi, wanda kan wuce kilomita 100,000, maimakon na gama-gari da ke neman canji wajen kilomita 30,000. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma araha fiye da kima ita ce alamarsu ta farko. Ba a kankare bakin iridiyom da sanfefa kamar yadda ake yi wa na injin ban ruwa.

Ku kuma malaman gona, idan kun tara manoma kafin noman rani don nuna gyaran injin ban ruwa, ku buɗe bonet ɗin motar ƙungiya ku nuna musu inda ukun nan suke. A rubuta ranar canji da adadin kilomita a littafin da ake rubuta taki da iri.