Samanja a wayar Baba: yaushe tsohon shiri ke zama na kowa?

Tun da Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a watan Nuwamban 2023, Baba ya koma kallon Samanja. Da yamma idan an tashi daga kara a nan Agege, sai ya miƙo min waya ya ce, "Nemo min mazan fama." Guntaye ne a YouTube, hoto dishi-dishi, murya na rawa, amma sai ka ga dattawa shida sun taru a kan waya ɗaya suna dariya har da hawaye.

Ran nan wani abokina mai shagon tura fina-finai ya ce zai tattara su ya riƙa sayarwa, wai ai tsohon abu ne, ba mai shi. Na ce masa ya bi a hankali.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa fim da shirin talbijin kariya ta shekara 50, kuma daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna su ake soma ƙirge. Ɗauki Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara a 1980, wanda marigayi Kasimu Yero ya fito a ciki: kason da aka nuna a waccan shekarar ba zai zama na kowa ba sai 2030 ta ƙare. Waɗanda suka biyo baya kuma kowanne da nasa lissafin.

Rubutu da waƙa sun fi haka daɗewa, sai mai su ya shekara 70 da rasuwa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Magana Jari Ce na nan a tsare har ƙarshen 2051. Ko da wasan talbijin da aka yi da littafin ya cika shekarunsa, labarin da aka gina shi a kai bai fita ba tukuna.

To amma ga inda abin ke damuna. Doka za ta iya jiran shekara 50, kaset ba ya iyawa. Zafi da danshi na cinye shi, wanda ya ajiye kaset a Legas ya sani. Mutumin da ya naɗi Samanja a gida ya ɗora a intanet ba da izini ba, a takarda ya saɓa doka, amma ba don shi ba da Baba bai sake ganin fuskar Samanja ba. Ni ba na haɗa shi da mai sayarwa ya zuba kuɗi a aljihu, alhali iyalan 'yan wasan ba su ga ko sisi ba.

Gidajen talbijin da suka shirya waɗannan wasanni su ne galibi ke riƙe da haƙƙin. Su fito da abin da ya rage a rumbunsu, su juye shi a kwamfuta, su ɗora a tasharsu, a ware wa iyalai kasonsu. Mu 'yan kara za mu kalla, ko da biya ne.

Abokina dai ya ce zai dakata. Baba kuwa jiya ma sai da ya ƙarar min da data.