Darasin Jolly Nyame Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Banyo zuwa Gembu ya san Jihar Taraba ta Nijeriya ba baƙuwarmu ba ce. Shi ya sa labarin tsohon gwamnanta, Rabaran Jolly Nyame, ya shafe mu, ko da yake ba mu muka zaɓe shi ba.

Sau uku mutanen Taraba suka ba shi amana. Ya hau a 1992, soja suka kawar da mulkin farar hula a 1993, ya dawo a 1999 ya zauna har 2007. Yana sauka hukumar EFCC ta kai shi kotu bisa zargin karkatar da naira biliyan 1.64, ciki har da miliyan 250 da aka ce na sayen takardu da kayan ofis ne. Shekara 11 ana shari'a. A watan Mayun 2018 babbar kotun Abuja ta ɗaure shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020. Amma a 2022 gwamnatin Buhari ta yi masa afuwa tare da Joshua Dariye na Filato, ya koma gida.

To jama'a, a kasuwa idan dillali ya ci kuɗin mutum sau ɗaya, ko ya biya, ba mai sake ba shi ajiya. Ya aka yi sai a siyasa muke da saurin mantuwa? Kuɗin da aka karkatar ba daga sama suka faɗo ba. Su ne kwaltar da ba a zuba ba, da gadar da damina ta cinye, har mai mota ya ƙara mana kuɗin dako, kaya su kwana a hanya.

Ba ma cewa afuwa haramun ce. Abin da muke cewa shi ne, afuwa tana buɗe ƙofar kurkuku, amma ba ta mayar da kuɗin talaka. Kotu na da jinkiri, masu mulki na da uzuri. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ƙuri'a.

Don haka, ko a wane ɓangaren iyaka muke, idan ɗan takara ya shigo kasuwa da buhunan shinkafa da atamfa, shugabannin 'yan kasuwa su fara tambayarsa: ina ka samo? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Allah Ya sa mu gane.